Neman taimako: yaya za mu ce "frigate" da Hausa? Gobe zan naɗi shiri

Maman Hanifa: Assalamu alaikum malamai. Gobe bayan la'asar zan naɗi shirin tarihi a rediyo, ga kalma ɗaya ta tsaya mini a maƙogwaro. Labarin jirgin yaƙin Amurka ne mai suna Constitution, wanda aka tura ruwa a Boston ranar 21 ga Oktoban 1797, ɗaya daga cikin shida da majalisar ƙasar ta ba da izinin ƙerawa a 1794 saboda maharan Aljeriya sun addabi jiragen fatakensu. Takardar da ke hannuna sai nanata "frigate" take yi. Na sa "jirgin ruwan yaƙi", sai na tarar a cikin labarin akwai waɗanda suka fi shi girma, su ma jiragen ruwan yaƙi ne. Ku agaza.

Mai Allo: Wa alaikumus salam. Manuwa. Tsohuwar kalma ce, tana cikin ƙamus.

Ɗan Fagge: Malam, kana cewa manuwa a rediyo yara za su ɗauka 'yan Man O' War ake nufi, masu kaki da gudun asuba. Kuma manuwa ai duk jirgin yaƙi ne, matsalar Hajiya tana nan.

Tsohon Soja: Ku fara sanin abin kafin ku raɗa masa suna. Manyan jiragen wancan zamani galibi igwa 74 suke ɗauka ko fiye, a bene biyu ko uku, su jeru sahu guda su yi ta ɓarin wuta. Shi frigate kuwa benen manyan igwa ɗaya gare shi, aikinsa sintiri, rakiyar fatake, leƙen asiri da farautar jiragen abokan gaba, sau da yawa shi kaɗai. Joshua Humphreys da ya zana Constitution dabara ya yi: ya fi sa'o'insa ƙarfi, ya fi manyansa gudu. A takarda igwa 44 ne, a zahiri yakan ɗauki fiye da 50. Shi ya sa ranar 19 ga Agustan 1812 ya ragargaza Guerriere na Ingila har sai da aka ƙone abin da ya rage, ya maimaita wa wani jirginsu mai suna Java a gaɓar Brazil a Disambar shekarar.

Alƙalamin Gobir: Madalla, bayanin nan ya ba mu suna. SHAHON TEKU. Ba ya kai mikiya girma, ya fi ta zafin nama, kuma shi kaɗai yake farauta. Na daɗe ina faɗa, duk abin da Bature ya zo da shi akwai tsuntsu ko dabba a dajinmu da za ta ɗauki sunansa.

Baƙon Damagaram: Mu nan da Faransanci muka san shi, firegat. Larabawa ma firƙaɗa suke cewa. In Balarabe bai ji kunyar aro ba, mu me zai hana? A ce firget. Har ya yi kama da firgita, wanda shi ne aikinsa.

Alƙalamin Gobir: Ga irinta nan. Ku ari na Faransa, na Kano su ari na Ingila, shekara hamsin nan gaba jikokinmu sai da tafinta.

Ɗan Fagge: Allah ya gafarta Malam, alƙalamin da ke cikin sunanka daga wane dajin Gobir aka kamo shi? Larabci ne. Soja, kyaftin, mota, duk baƙi ne da suka zama 'yan gida.

Alƙalamin Gobir: Yaro, Bakano ba zai koya mini Hausa ba. Ku da kuka mai da harshe hajar Kantin Kwari.

Baƙon Damagaram: To ku biyun ku gama, mu da kuke cewa Hausarmu ta ƙauye ce muna nan muna kallo.

Mai Allo: Malam na Gobir, da girmanka, shahon teku kirari ne, ba suna ba ne. Gwada shi a jimla: "Ingila ta yi asarar shahon teku biyu." Mai sauraro zai tambaya ko gidan zoo aka shiga. Jirgin kuma yana da kirarinsa, "Old Ironsides", tun 1812, lokacin da aka ga harsashin igwa na dukan jikinsa yana faɗawa ruwa, saboda kaurin katakon da aka yi shi da shi. Hajiya, wannan ki fassara shi da "Tsoho Mai Haƙarƙarin Ƙarfe". Kirari biyu a kan jirgi ɗaya sai ya nutse.

Tsohon Soja: Hajiya, kada rigimarsu ta sa ki tsallake Tarabulus, nan ne masu sauraronki za su kasa kunne. Wannan Tarabulus ɗin dai da ayarinta ke ratso Sahara zuwa Kano da Borno, wadda Larabawanta suka zauna a Dandalin Turawa. Yusuf Karamanli ke mulkinta, ya nemi Amurka ta ƙara kuɗin da take biya, aka shiga yaƙi a 1801. A Oktoban 1803 wani irin wannan jirgi na Amurka, Philadelphia, ya kafe a bakin tashar garin, aka kama mutanensa kusan 300. Don kada 'yan Tarabulus su more shi, hafsan Amurka Stephen Decatur ya lallaɓa da dare ya cinna masa wuta a Fabrairun 1804, watan da Shehu ya yi hijira zuwa Gudu. A Agusta kwamandansu Edward Preble ya kawo Constitution ya yi wa ganuwar garin ruwan igwa. Daga baya, tsakanin 1853 da 1855, jirgin ya yi sintirin hana cinikin bayi a gaɓar Afirka, ya kama jirgi ɗaya. Har yau yana kan ruwa a Boston.

Maman Hanifa: Baba na gode, Tarabulus ta shiga. Saura wannan ƙyallen da iska ke bugawa ya tura jirgin. Filafili zan ce?

Ɗan Fagge: Filafili ni abin tuƙa kwalekwale na sani.

Mai Allo: Yana ɗaukar duka biyun, amma kunne zai tafi can inda Ɗan Fagge ya tafi. Ki kauce masa, ki ce jirgi mai tafiya da iska.

Alƙalamin Gobir: Fiffiken shaho. Kun ga yadda kalma tagari take haihuwa.

Maman Hanifa: Dare ya yi. Ga abin da na rubuta: "firget, wato matsakaicin jirgin yaƙi mai tafiya da iska, wanda ya fi manya gudu." Sau ɗaya zan yi bayanin, daga nan sai firget kawai. Manyan kuma zan ce manuwa masu igwa 74. Malam na Gobir, zan sa shahon teku a buɗe shiri, a matsayin kirari.

Alƙalamin Gobir: A buɗe shiri kawai? To. Amma ki faɗe shi sau biyu, kuma kada a sa kiɗa a kansa.

Baƙon Damagaram: Firegat dai, da e a tsakiya.

Maman Hanifa: Rediyo ne Yaya, ba mai ganin rubutun. Sai da safenku.