Neman baƙin tsuntsaye na farko a ƙarshen damina

A hirar da masu kallon tsuntsaye suka yi kan 'yan ƙananan tsuntsayen nan masu cin ƙwari, da ke baro Turai su ƙetaro Sahara, an fi jan magana a kan lokaci. Wasu suka ce a fara leƙe tun ƙarshen Agusta, amma akasari sun tsaya a kan Satumba, musamman a fadamar Haɗeja zuwa Nguru da bakin Tafkin Chadi. Na farkon ɗaiɗai suke zuwa, sai an yi haƙuri.

Batun itace ya fi burge ni. Kada a ɓata lokaci a gindin darbejiya, ƙwari ba sa sonta, su ma baƙin haka. A nufi bagaruwa da aduwa. Gawo kuwa tsirara yake da damina, sai ya yi sabon ganye bayan ɗaukewar ruwa sannan su cika shi.

A fita da sanyin safiya, rana a bayanka, da madubin hangen nesa. Ba sa yawan waƙa a wannan lokaci, don haka motsin ganye za ka bi. Wani nauyinsa bai wuce giram 10 ba, ga farin layi a kan ido kamar an ja masa gira, waɗanda aka ƙyanƙyashe bana kuma launin cikinsu ya fi zama ruwan ɗorawa.

An ɗan yi gardama kan kunna kukansu a waya don a jawo su. Ni dai ina bayan masu cewa a bari; tsuntsun da ya sha hamada abinci yake nema.