Neman kalma: me za mu kira "oil cooler" da Hausa?

Mai Fassara:
Assalamu alaikum. Ana neman kalmar Hausa ga abin da ake kira oil cooler, a cikin bayani kan tsohuwar Porsche 911 ta Jamus, wadda iska ke sanyaya injinta. Jimlar tana cewa idan ana gudu a babban titi, zafin baƙin mai kan tsaya tsakanin digiri 80 da 100 a ma'aunin Salsiyos, kuma wannan na'ura ce ke riƙe shi a nan. Me kuka gani?

Ogan Gareji:
Wa alaikumus salam, Malam. A gareji lagireton mai ake cewa, kowane yaro ya san abin da za a ɗauko. Ƙirarsu ɗaya da lagireto: ƙananan bututu da fikafikan alminiyom, iska na ratsawa.

Injiniya:
Oga, a wannan motar kalmar za ta rikita mai karatu. Bahaushe na jin lagireto, ruwa yake tunawa, ita kuwa 911 daga 1964 har 1998 babu ruwa a injinta. Fanka da baƙin mai ke kwashe zafin, shi ya sa take ɗaukar baƙin mai wajen lita 10 ko fiye, kuma man yana zama ne a tanki na daban, ba a kaskon ƙasan inji ba.

Na'urar ma ba ɗaya ba ce. Akwai wadda ke manne da inji, fanka na hura mata iska. A irin su 911 SC ta 1978 zuwa 1983 akwai ta biyu a cikin madigadin gaba na dama. Tamostat, wato bawul ɗin da zafin mai ke buɗewa da rufewa, na buɗewa wajen digiri 83, mai ya bi bututu ta gefen mota ya je gaba ya dawo. A wasu motocin wannan ta gaban bututu ne kawai da aka lanƙwasa, ba fikafiki ko ɗaya. Ba za a kira shi lagireto ba.

Malamin Hausa:
To, mu bi ƙa'ida. Sunan kayan aiki yana ɗaukar ma- da -i, kamar ma'auni da mabuɗi. Daga sanyaya sai mu samu masanyayin mai.

Injiniya:
Malam, ginin ya yi daidai, amma ba sanyi ake nema ba, kuma nan ne masu mota da yawa ke kuskure. Mai mai sanyi cuta ne. Idan bai kai digiri 80 ya jima a nan ba, raɓar da ke taruwa cikin inji da fetur ɗin da ya zurara ta gefen ringi ba sa ƙafewa. Sai ka buɗe murfin mai ka ga wani farin kumfa mai yauƙi a jikinsa, mai ya lalace kafin lokacin juye. Wanda ya ɗaura babbar na'ura ba tare da tamostat ba, abin da yake jawowa ke nan. Digiri 110 a ranar zafi ko a hawan tudu ba abin tashin hankali ba ne. Daga 120 sai a sassauta totur, domin mai ya tsinke: baƙin mai mai lamba 20W-50 da ke ba da matsin kusan bar 1 (ma'aunin matsi) ga kowane juyin inji 1,000 a minti zai fara kasawa, ƙarfe ya kusanci ƙarfe.

Malamin Hausa:
Madalla, ka ba mu aikatau ɗin da kanka. Abin da ya yi zafi ya sauko ba tare da ya yi sanyi ba, hucewa ya yi, kamar kunun da aka fifita. Mai kuma shiga yake ya huce ya fita, saboda haka sunan wuri ya fi dacewa, irin na makaranta da majema: mahuca. Mahucar mai. Ta rufe mai fikafikai da bututun nan duka.

Ogan Gareji:
Ta zauna a baki, na yarda da ita a rubutu, ko da yake mai zuwa sayen kaya a kasuwa sai ya haɗa da lagireton mai kafin a gane shi. Malam Mai Fassara, ka ƙara wannan a bayaninka. Idan gejin zafin mai ya haura a titi, a fara duba bel ɗin fanka, sannan mahucar da ke kan inji, domin ƙura da mai kan toshe fikafikanta. Bayan tafiya mai tsawo a taɓa bututun da ke zuwa gaba da hankali. Idan geji na nuna 100 amma bututun bai ɗau zafi ba, tamostat ya maƙale. Injin lita 2.7 na 1974 zuwa 1977 ya fi kowanne ƙin zafi, domin gangar jikinsa ta maganiziyom ce, zafi kan sa dogayen kusoshin da ke ɗaure kan silinda su zare daga mazauninsu.

Mai Fassara:
Na gode, Oga, na gode malamai. Jimlar ta koma haka: "A babban titi, mahucar mai ce ke riƙe zafin baƙin mai tsakanin digiri 80 da 100." Saura tamostat, shi ma yana neman suna.