An ɗaga Hilux inci biyu: shin taya 33 za ta zauna lafiya?

Mai Farar Hilux: Salamu alaikum. Na ɗaga motata inci biyu, mai shan fetur ce, injinta lita 2.7. Tayar da ta zo da ita 265/65R17. Mai sayar da taya ya rantse min cewa tunda an ɗaga, 285/70R17 za ta shige ba ta taɓa komai ba. Kafin in saki kuɗi, me kuka ce?

Na Ƙofar Ruwa: Wa alaikumus salam. Saka abinka, Alhaji. Sifirin da shokozoba jikin mota kawai suke ɗagawa, ƙullin aksul na baya yana nan inda kamfani ya bar shi, kuma shi ne yake dukan tudun tsakiyar hanya da damina. Taya kaɗai ke ɗaga shi.

Oga Bakanike: Wannan gaskiya ne, amma tambaye shi nawa take ɗagawa. Tsohuwar tsayinta inci 30.6, sabuwar 32.7, wadda ake zagaye lissafi a kira 33. Rabin bambancin kake samu a ƙasa, wato inci ɗaya. Kuma maganar "ba ta taɓa komai" zance ne na mai neman ciniki. A tsaye a gareji za ka ga fili har ka zura hannu. Murɗe sitiyari ya ƙure, ka hau gargada, sifirin ya lotse, taya ta koma daidai inda take zuwa kafin a ɗaga. Nan za ka ji ƙurrr a bayan tayar gaba. Satin jiya na ciro madigadin wata, roba ta cinye har ƙarfe ya yi sheƙi kamar an goge shi da toka.

Na Ƙofar Ruwa: Haba Oga, ai yanke robar ake yi, a ɗan bubbuga wurin. Aikin awa ɗaya.

Oga Bakanike: To ka ga ka dawo hanya. Da ka ce ba ta gogawa.

Na Ƙofar Ruwa: Ni ban ce ba, mai taya ya ce.

Direban Gembu: Ku bar gogawa, ku zo hawan dutse. Na saka irinta, na taso daga Serti da lodi zan hau tsaunin Mambila zuwa Gembu. Inda nake hawa da giya uku sai da na koma biyu, injin yana kuka, kuloci yana wari. Gangarowa kuma birki ya fi wahala, don tayar ta fi nauyi. Mai kuwa kada ma a yi magana. Wata huɗu na cire.

Malamin Lissafi: Ƙarin bayani: bambancin tsayin tayoyin biyu kusan kashi 7 cikin 100 ne. In allurar gudu ta nuna 100, kana kusa da 107. Kilomitan da mota ke ƙirgawa ma zai ragu, sai ka zarce lokacin juyen baƙin mai ba ka sani ba.

Ɗan Yusufari: Duk ku mutanen kwalta da dutse ne. Mu a rairayi babbar taya rahama ce, ka rage iska ta baje, ka wuce mai ƙarama yana tono da shebur.

Direban Gembu: Yayana, shi a Kano yake, gona kawai yake zuwa.

Oga Bakanike: Shi ya sa na ce 265/70R17. Inci 31.6, faɗinta ɗaya da ta asali, bambanci bai kai kashi 4 ba. Kuma Alhaji, ka lissafa taya biyar ne ba huɗu ba. Safaya ƙarama a mota mai ja da tayoyin gaba da na baya, ka saka ta ka shiga giyar taɓo, kana wahalar da ƙarfe. Ita 33 ɗin ma sai an gwada ko za ta shiga mazaunin safaya a ƙarƙashin bodi.

Na Ƙofar Ruwa: Amma tsakani da Allah, 33 ta fi kyau a ido.

Mai Farar Hilux: Wallahi kyan ne ya ja ni. Gobe zan sa ya ɗaura ɗaya a gaba, in murɗe sitiyari in hau bakin kwata. In ta yi ƙara ya kwance abarsa.

Oga Bakanike: Gwada da ribas ma, a nan ta fi kamawa. Kuma duba lambobi huɗun nan na gefenta, biyun farko sati, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta.