Kwanson .380 yana yin ciki, ina matsalar take?

Baban Iman (Hustan): Assalamu alaikum 'yan zaure. Masu cika harsashi da kansu, ina neman shawara. Ƙaramar bindigata mai cin harsashi samfurin .380 ACP ce, ita nake zuwa da ita filin gwajin harbi ranar Asabar. Kwanan nan idan na tsince kwansunan sai in ga wasu sun kumbura. Wane ƙarfe zan saya ya daidaita min su?

Kawu Sale: Wa alaikumus salam. Baban Iman, bar maganar saye tukuna. Kumburin nan, bayan harbi kake ganinsa ko tun kan tebur bayan ka zaunar da kan harsashin? Kuma a ina yake, gindi ko wajen baki? Gefe ɗaya ne ko ya zagaye? Cuta biyu ce daban, maganinsu ma daban.

Baban Iman: Duka biyu akwai, Kawu. Waɗanda na harba, kumburin yana kusa da gindi, gefe ɗaya kawai, kamar jinjirin wata. Sababbin cikawa kuma akwai ɗan tudu a tsakiya, daidai inda kan ya tsaya.

Injiniya Mustafa (Dalas): Na tsakiyar nan shi ne mai sauƙi. Kwanson .380 gajere ne, inci 0.680, kuma bangonsa yana yin kauri da wuri ta ciki. Kan da aka yi dominsa yawanci nauyinsa giren 90 zuwa 100 ne. In mutum ya sa kan 9mm mai giren 115 ko 124, ya fi tsawo, gindinsa sai ya nutsa cikin wurin kaurin ya turo bangon waje. Auna faɗin kan ma da kalipa. Mai rigar jan ƙarfe .355 ne, na dalma zalla galibi .356. In kuma tudun gefe ɗaya ne, kan ya shiga a karkace, ka ƙara buɗa bakin kwanson kaɗan kafin ka zaunar. Ni dai M die, ƙarfen buɗa bakin kwanso na kamfanin Lyman, nake ba mutane shawara a nan, yana barin ɗan mataki a baki, kan ya zauna a miƙe.

Abu Halid: Ƙari a kan na Injiniya, a duba matsin baki. .380 a kan bakin kwanso yake tsayawa cikin camba, wato gurbin da harsashi ke zama a gindin bututu, don haka ba a nannaɗe masa baki irin na libarba. Ka rufe buɗin da ka yi kawai. In ka danna da yawa kwanson ne zai tanƙware ƙasa da baki.

Kawu Sale: Duk gaskiya ne. Amma ni na gindin ne ya hana ni sakat. Cire bututun daga bindigar, ka tabbatar babu komai a ciki, ka jefa harsashin kanti ɗaya cikin camba, ka duba ta ƙasa, wajen gangaren da harsashi ke hawa. Za ka ga ɗan yankin tagulla a fili, babu ƙarfe a bayansa. Ɗauko kwanson da ya kumbura ka gwada. In kumburin ya faɗa daidai wannan gurbi, ka gano inda yake fitowa. Ƙananan bindigogi da yawa ana yanke musu gangaren nan da zurfi don kada su riƙa cijewa. Da haka tsofaffin Glock masu cin .40 S&W suka yi suna wajen masu cikawa.

Saura sanin dalilin da ya sa yanzu ya fara. Sayi kwali ɗaya na harsashin kanti ka harba. In shi ma ya kumbura, bindigar ce. In ya fito lafiya, cikawarka ce, ka tsaya cak har ka gano.

Maman Sadik (Kolombas): Ni da maigida muna cikawa tare, .380 da 9mm. Kawu, a ƙara da sifirin, wanda ke mayar da silaid (ƙarfen saman bindiga mai ja da baya) wurinsa bayan harbi. In bindigar irin wadda nauyin silaid da sifirin kaɗai ke riƙe ta a rufe ce, kamar Walther PPK ko Bersa Thunder, sifirin da ya gaji yana barinta ta buɗe da wuri, kwanson ya fara fitowa alhali matsin wutar albarushi bai sauka ba. Sifirin ba shi da tsada, a canza shi kafin a zargi wani abu. Sannan SAAMI, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin harsashi a Amurka, ta tsayar da iyakar matsin .380 a 21,500 psi, 9mm kuwa 35,000. Tagullar .380 ba a yi ta don ɗaukar wahala ba.

Abu Halid: To ga amsar tambayarsa ta farko dai: Bulge Buster na kamfanin Lee. Ana haɗa shi da Factory Crimp Die, ƙarfensu na matse bakin kwanso, a tura kwanson ya ratsa gaba ɗaya, ya fito sumul. Yana yi wa .380, ba ya yi wa 9mm saboda kwansonta ya fi faɗi a gindi. Ina amfani da shi a kan waɗanda nake tsinta a fili.

Kawu Sale: Abu Halid, a nan ba na tare da kai, ka yi haƙuri. Ƙarfen yana mayar da faɗin kwanso ne, ba ya mayar da ƙarfinsa. Wurin da ya miƙe ya riga ya yi siriri. Ka sake cika shi, in aka yi rashin sa'a wannan gefen ya sake faɗawa kan gangaren, nan zai fashe, wutar ta bi ta gidan harsashi, inda tafin hannunka yake. Lee ɗin da kansu sun rubuta gargaɗi a takardar kayan game da kwanson da aka harba a camba marar cikakken tallafi. Wanda ya ɗan faɗaɗa ko'ina daidai, ban hana ba. Wanda farce ke kamawa a gindinsa, ko ka ga layi mai haske a wurin, matse shi da filaya ka jefa a bokitin tagulla.

Abu Halid: Na karɓa, Kawu. Masu layin nan ni ma ba na mayar da su.

Injiniya Mustafa: Baban Iman, in ya tabbata cikawarka ce, abu biyu za ka fara dubawa. Auna tsawon harsashi, ka sa shi a bindiga ya hau camba, ka fitar ka sake aunawa. In ya ragu, kan yana komawa ciki, kuma a kwanso ƙarami irin wannan ɗan komawa kaɗan yana ɗaga matsi sosai. Na biyu sikelinka, gwada shi da duwatsun awo na tantancewa. Adadin albarushi kuwa kada ka karɓa daga bakin kowa a zauren nan har da ni, buɗe littafin Lyman ko Hornady ka fara daga mafi ƙanƙanta. Ka nemi ma'aunin kwanso na Wilson ko Lyman, duk wanda bai faɗa ciki da kansa ba ka ware shi.

Baban Iman: Na cire bututun yanzu. Kumburin ya hau gurbin gangaren daidai. Kan kuma giren 95 ne, amma na dalma, kalipa ta nuna .356. Ranar Asabar zan gwada na kanti in sha Allah. Allah Ya saka da alheri.

Maman Sadik: Amin. Waɗanda ka riga ka cika kada ka harba su kafin nan. Ka shafa wa na kantin tawadar alama a gindi don kada su gauraya da na wasu a ƙasa.

Kawu Sale: In na kantin ma sun yi ciki bayan ka canza sifirin, kai ta wajen maƙerin bindiga ya auna cambar. Ka tafi masa da kwansunan.