Na karanta lissafi, ina son binciken farfaɗiya: ta ina zan fara?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na gama digirin farko a lissafi, yanzu ina bautar ƙasa. Ƙanwata na fama da farfaɗiya, shi ya sa hankalina ya karkata ga masu nazarin ƙwaƙwalwa da lissafi da kwamfuta. Sai dai rabona da bayoloji tun sakandare, Baba kuma ya dage in koma in karanta likitanci. Don Allah ku ba ni shawara.

Wani lakcara:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, in ba duba marasa lafiya kake so ba, kar ka koma. Abin da yake wahalar da yawancin masu shiga fannin nan, kai kana da shi a hannu. A 1952 da lissafi wasu masana biyu, Hodgkin da Huxley, suka bayyana yadda jijiya ke harba saƙo, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 1963. Ka koyi Python, wato yaren rubuta manhajar kwamfuta, ka rubuta lissafin nasu da kanka, ka riƙa ƙara ƙarfin lantarkin har ka ga jijiyar ta harba a allonka. Bayoloji ka bi shi a hankali.

Wata ɗalibar digiri na uku:
Ka duba Neuromatch Academy. Tun 2020 suke kwas na mako 3 ta intanet, darussan kuma a buɗe suke kyauta, sai dai ka tanadi data da caji. Akwai kuma Imbizo, wani kwas na nazarin ƙwaƙwalwa da lissafi da kwamfuta, a Afirka ta Kudu. Digiri na biyu kuwa, nemi AIMS, cibiyar kimiyyar lissafi ta Afirka, reshenta na Ghana ko Senegal ko Ruwanda, suna ɗaukar nauyin ɗalibi.

Wani likita:
Ban ƙi tasu ba, amma duk kwamfuta suka tura ka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu farfaɗiya sun kai kimanin miliyan 50, kusan kashi 80 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Amma bayanan EEG (gwajin da ke zana lantarkin ƙwaƙwalwa a layi-layi) da za ka samu kyauta, kamar na Jami'ar Temple, galibi na asibitocin Turai da Amurka ne. Mu nan sanƙarau da maleriyar da ta taɓa ƙwaƙwalwa da doguwar naƙuda suna cikin abin da ke jawo ta. Nemi likitan jijiyoyi a asibitin koyarwa ya nuna maka yadda ake karanta EEG, ka ga yadda ƙifta ido kawai ke ɓata layin. Bayanan marasa lafiya kuwa, sai da izinin kwamitin asibiti. Ƙanwarka kuma kar ta yi wasa da magani.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ranka ya daɗe Malam, da wace hujja zan tunkari Baba?

Lakcaran:
Sai ka samu gurbin karatu mai tallafi tukuna, ka kai masa takardar ya gani da idonsa.