Lafiya, labari, Laraba: wa ya cinye wasalin farko?

Ɗalibar Hausa: Salamu alaikum malamai. Yau na ci karo da kalmar afesis, sunan da James Murray, editan ƙamus na Oxford, ya raɗa a 1880 wa shafewar wasalin farkon kalma idan ba a nauyaya shi. Ni dai na ce Hausa cike take da shi. Al'afiya ta koma lafiya, al'akhbar labari, al'imam liman, al'arbi'a Laraba. Bahaushe ya ji "a" ɗin ta yi masa nauyi, ya yar da ita.

Malamin Nahawu: Wa alaikumus salam 'yata. Misalanki sun yi kyau, amma sunan bai dace ba. Afesis na harsunan da ke nauyaya gaɓa ɗaya su sassauta wata ne, irin Ingilishi. Mu karin sauti gare mu, sama da ƙasa. Kuma babu kalmar Hausa da ke farawa da wasali a baki. Akwai hamza gabanta, rubutun boko ne kawai bai nuna ta.

Ɗan Damagaram: Gafarta malam, to Shatu fa daga A'ishatu? Sama'ila daga Isma'ila? Ko an kira shi afesis ko ba a kira ba, kan kalmar ya tafi.

Malamin Nahawu: Sama'ila na yarda. Shatu taƙaita suna ne, gaɓa biyu suka faɗi, ba wasali ɗaya ba.

Malamin Arabiyya: Ni inda nake ja shi ne cewa Bahaushe ne ya yar. In haka ne, me ya hana shi yar da ta alƙali, alƙalami, albasa, aljihu? Ku duba da kyau: waɗanda suka koma "l" galibi asalinsu hamza ko aini ke bin "al", kamar Lahadi da lahira. Larabawan Magrib, wato na Arewacin Afirka, su ma a maganarsu ta yau da kullum "l" kaɗai suke furtawa. Ina ganin fatake ne suka ƙetaro sahara da su a gutsure.

Ɗalibar Hausa: Allah ya ƙara ilimi malam. Amma littafi fa? Alkitab ne, kaf ke bin "al", kuma "a" ɗin ta tafi.

Malamin Arabiyya: Kin kama ni a nan, littafi bai bi ƙa'idata ba. Sai dai yana ƙarfafa zancen cewa a gutsure ya iso, don da daga bakin almajirai masu karanta nassi ya shigo, da alkitabi za mu riƙa cewa.