Binciken gestion da muke yi, wa yake yi wa amfani?

Ɗalibar Master, unguwar Zariya, Maradi:
Assalamu alaikum. Ina shekarar ƙarshe a fannin gestion, wato ilimin tafiyar da kasuwanci, na so in yi memwar ɗina a kan yadda kawuna yake tafiyar da yaransa masu saro masa aya da wake a kasuwannin ƙauye, daga Madarunfa har Gidan Rumji. Ba takarda, ba sa hannu, amma kuɗi su fita su dawo. Malamina ya ce wannan labari ne, ba kimiyya ba, in nemo alƙaluma in ɗora su a kan ƙa'idar da aka riga aka buga. To ƴan kasuwa nawa ne a garin nan suke da littafin lissafi irin na SYSCOHADA, tsarin lissafin kamfanoni na hukuma, balle su buɗe mini shi? Wai don wa ake binciken nan?

Tsohon malami:
Wa alaikumus salam, ƴata. Malaminki ma ba shi da yadda zai yi. Ƙarin girmansa yana hannun CAMES, hukumar tantance malaman jami'a da ke Wagadugu, can kuwa maƙalun da ya buga ake dubawa, ba a tambayar ko wani Alhaji ya karanta. Kuma kukan ba namu ba ne mu kaɗai. A 2005 aka buga rubutun Sumantra Ghoshal, masanin gestion, inda yake cewa gurɓatattun ƙa'idojin da ake koyarwa suna lalata aikin shugabannin kamfanoni. A shekarar dai Warren Bennis da James O'Toole suka ce makarantun kasuwanci na Amurka sun saki hanya, sun koma rubuta wa junansu.

Sai dai a wuri ɗaya ina bayan malaminki. Kawu ɗaya ba ya zama hujja. Kin ga wanda amana ta yi wa rana, ina waɗanda yaransu suka gudu da jari? In ba ki je wajensu ba, yabo kika rubuta.

Ɗan kasuwar Dan Issa:
Malam ya yi gaskiya. Da Najeriya ta rufe iyaka a 2019, mu muka san yadda muka yi da kaya a sito da bashin mutane, ga naira tana faɗuwa a kan sefa. Yara kan zo da takardun tambayoyi da Faransanci, wai in zaɓi lamba daga ɗaya zuwa biyar. Sai in zaɓa musu uku su tafi. Ƴata, wanda ya tambaye ni ribata, lanho nake fara tunowa da ƴan duwan. Ki zo da wanda na sani, ki zauna a shago ki gani da idonki.

Yayarku a Yamai:
Ƙanwata, ki tuna wa malaminki cewa Henri Fayol da ake sa mu haddacewa, littafinsa na 1916 daga aikinsa na shugaban kamfanin haƙar kwal ya fito. Ki kuma nemi littafin Emmanuel Grégoire na 1986 a kan alhazan Maradi. Masanin labarin ƙasa ne ma, ba ɗan gestion ba, abin da ke ba ni haushi ke nan. Akwai Africa Journal of Management tun 2015, amma da Ingilishi take fita, mu kuwa da Faransanci aka horar da mu.

Ɗalibar Master:
Na gode. Alhaji, ranar wace kasuwa ce ba ka da cunkoso? Da kawun nawa zan zo.